Gilashin da Ke Wuni a Jaka

Yaya Babba, kamar yadda ake kiranta a gida, shekarunta sha biyar, kuma idanunta ba sa ganin nesa. Likita ya rubuta mata gilashi mai kauri. Ranar da ta fara sa shi har ihu ta yi: "Mama, ashe daga nan ma ana ganin agogon falo!"

Murnar ba ta je ko'ina ba. 'Yan ajinsu suka laƙaba mata Ido Huɗu, wata ma ta ce ta koma kamar kakar wani. Ta taya su dariya, amma abin ya ci mata rai.

Sai ta ɓullo da dabara. Da safe za ta fito da gilashi a fuska, riƙe da hannun ƙaninta Auta, wanda take rakawa makaranta. Da sun sha kwana, sai gilashi ya faɗa jaka. Haka 'yar gayun take tafe tana ƙanƙance ido, ba ta gane mutum sai ya yi magana.

"Yaya, me ya sa kike cirewa?"

"Yi shiru, sarkin surutu. In ka faɗa wa Mama, ba ni ba kai."

Yaro ya riƙe amana.

Wata safiya a bakin titi, ta duba dama da hagu. Ta hango wani abu dishi-dishi, ta ɗauka da saura. "Mu je," ta ce. Ashe babur ne, kuma ya riga ya iso. Ita ta tsira da ƙujewa, ƙafar Auta kuwa ta karye gida biyu.

A asibiti, Mama ta buɗe jakar makarantar tana neman gorar ruwa, sai ga gilashi kwance tsakanin littattafai. Ta daɗe tana kallonsa. Yaya Babba ta sunkuyar da kai.

Daga kan gado, Auta ya ce da 'yar muryarsa, "Yaya, ba ni na faɗa ba. Wallahi ba ni ba ne."

Nan Yaya Babba ta fashe da kuka. Mama ba ta yi faɗa ba. Ta goge gilashin da bakin rigarta, ta sa mata da hannunta, ta ce, "Da shi na fi ganin kyanki, 'yar nan. Dubi ƙaninki da kyau."

Ta duba, ta ga komai tar: ɗaurin ƙafar, da busasshen hawaye a kumatunsa.

Matasa, kada ku ajiye abin da lafiyarku ke buƙata don gudun tsokana. Masu dariyar nan ba za su kwana da ku a asibiti ba.