Ƙyallen Mai Koko

Da na dawo daga Fatakwal na tarar an sare ɗorawar ƙofar gidanmu, an rufe rijiyar unguwa, filin da muke buga ƙwallo ya koma shagunan cajin waya. Ni ma ban dawo yadda na tafi ba, ciwon suga na kwaso. Tun ban huta ba ƙafata ta fara ƙaiƙayin hanya, sai na leƙa asibiti a duba ni in juya. Gwaji ya nuna wai ƙodata tana tace jini fiye da ta mai lafiya. Da murnata na kai wa Kawu Tanimu labari, yayan mahaifiyata, tsohon likita. Ko murmushi bai yi ba. Ya ce, "Zauna, sarkin yawo, in ba ka misali."

Ya ce an yi wasu mata biyu masu koko, kowacce da ƙyallenta na tata. Wata shekara ciniki ya buɗe, ƙullu ya yi musu yawa. Ta fari ta riƙa cika ƙyalle tana murɗawa da ƙarfin tsiya, gasara na zuba kamar famfo, unguwa na yaba mata zafin nama. Ashe zare ne ke buɗewa. Abin da ya kamata ya tsaya a ƙyalle ya fara zurarewa cikin gasara, ran nan kuma ƙyallen ya ɓarke gaba ɗaya. Ta biyun da ta ga nata yana zuba da sauri sai ta tsorata. Ta rage ƙullu, ta sassauta hannu, aka yi ta ce mata mai nawa. Har ta yi jikoki da ƙyallen nan take tata.

"Ƙodarka ce ƙyallen," in ji Kawu, "suga ke murɗa ta. Kuma ba a sayar da sabuwa a kasuwa."

Na kwance jakata. Na bar lemon kwalba, na rage tuwo da gishiri, na riƙe magani yadda aka ce. Damina guda ta wuce a kaina ina zaune wuri ɗaya, abin da ban taɓa yi ba. Da aka sake gwaji, ƙodar ta dawo tafiyarta ta asali, babu abin da ke zurarewa cikin fitsari. Ƙyallena bai ɓarke ba.

Yanzu haka jaka nake ɗaurewa, magani a sama, Agadas na nufa. Kawu yana kallona daga kan tabarma yana dariya. Gaskiyar Hausawa: sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.