Kifin Ƙasan Rijiya

Digar wani manomi ta sake dukan dutse, sai matarsa ta leƙo daga bakin busasshiyar rijiyar.

"Maigida, fito haka nan. Shukar ta kusa ƙonewa, kai ma za ka bi ta. Tun da aka yi duniya ruwa bai taɓa sanin wurin nan ba."

Ya ci gaba da haƙa. Dutsen tsohon taɓo ne da ya daskare hawa-hawa tun kafin a yi mutane. Ya ɓamɓaro falle guda, ya goge da tafin hannu.

Kifi ne kwance a jikin dutsen, kowace ƙaya a mazauninta.

Ya saka shi a guga, ya girgiza igiya.

"Ja, ki tambaye shi a ina ya yi iyo. Sannan ki sako mini gugana."