Tun Yaushe Haihuwa Ta Zama Kyauta?

Mukhtari ya raka ƙanwarsa Zeinabou asibiti a unguwar Harlem, can ƙasar waje. Cikinta wata bakwai, bizarta kuma ta ƙare.

Ma'aikaciyar, wata 'yar Zongon Kumasi, ta ce, "Kar ki ji tsoro, 'yar'uwa. Ba a korar mai ciki don takarda. Awo da haihuwa duk kyauta ne."

Zeinabou ta yi hamdala. Mukhtari kuwa ya dafa tebur.

"Sabuwar doka ce?"

"A'a, an daɗe ana yi."

Ya fita ya zauna a bakin titi. Bara matarsa Habsatou ta rasu tana naƙuda a ɗaki, tana roƙonsa ya kira motar asibiti. Shi ya ce ta daure, asibitin nan ba na irinsu ba ne.