Jinin da Mufida Ta Ɗauko

Likita ya ɗaga hoton kan Mufida, ya nuna wani farin tabo kamar ƙwallon dabino. Ƙari ne a ƙwaƙwalwa. Shekarar yarinyar huɗu.

"Akwai irin da ake gada," in ji shi, "ta wani ɗan bambanci a ƙwayoyin halitta. In na gado ne, yadda za mu bi da maganin ma daban ne. A danginku an taɓa yin mai irinsa?"

Naja'atu, uwar yarinyar, ta sunkuyar da kai. Surukarta Hajiya Balaraba ta riga kowa.

"A namu dai babu. Ga ni nan, ko hawan jini ban sani ba. Mansur, faɗa masa mana."

Haka take kama sunansa gatsal, shi da yake ɗanta na fari. Naja'atu kuwa ko a ɗaki kunyar sunan Mufida take ji.

"Sai dai a tambayi wannan." Hajiya ta nuna Naja'atu da baki. "Ubanta da ciwon kai ya mutu a ƙauye."

Alhali zazzaɓi ne ya kashe shi.

Da aka zo ɗibar jinin iyaye, Hajiya ta ce ba za a zuƙe wa ɗanta jini a banza ba. Na Naja'atu kaɗai aka ɗiba, aka ce sakamako sai bayan makonni.

Hajiya ba ta jira ba. Kafin Juma'a, har gidan kitso a Gyaɗi-Gyaɗi an ji cewa Mansur ya kwaso mugun iri.

Ranar da aka aske wa Mufida kai za a shiga da ita tiyata, Mansur ya miƙo wa Naja'atu takarda a baranda, idonsa a ƙasa. Saki ɗaya.

"Umma ta ce ki wuce gidan kawunki a Tarauni. Ita za ta yi jinya."

Naja'atu ta durƙusa ta roƙa a bar ta ko zuwa fitowar yarinyar.

"Abin da kika ba ta ya isa," in ji Hajiya.

Naja'atu tana fita da kwandon kwanukanta, Sista Talatu, tsohuwar nas ɗin sashen, ta ga hawayenta ta dafa ta.

"Haba 'yata, je ki huta, kin bar ta a hannun da ya san ciwon. Wata uku Hajiyar nan ta yi a ɗakin nan tana jinyar ƙanwarta, irin wannan ƙarin sak. Allah ya jiƙanta, ai ita ta haifi mijinki."