Wasila a Filin Jirgi

Khairat tana tankaɗen garin masara lokacin da wayar mijinta ta fara ruri a ƙarƙashin rumfa. Mijin nata, Uwaisu, mutum ne mai son tura bidiyo, yau rago ya kori mai babur, gobe kuma wata shirirituwar. Wannan kuwa ƙanensa Zayyad ne ya turo daga Maƙarfi: tsohon hoton wasan jiragen sama da aka yi a Kaduna shekara arba'in da suka wuce, wani ya tono ya sa a intanet.

Nan da nan maƙwabcinsu Malam Gambo ya matso. Ya ce ai da shi aka je, babbar mota guda mutanen garin nan nasu na Likoro suka cika. Ya tuna jirage uku da suka riƙa alkafura suna zubo hayaki kore da fari, da waɗanda suka diro da laima, da wani baffan maigidan nan da ya kwanta rub da ciki yana salati.

Maigidan, Baba Ɗan'azumi, surukin Khairat, bai yi dariya ba. Ya miƙo hannun hagunsa, wanda injin matse rake ya ci wa yatsu biyu tun yana saurayi, ya kife wayar a kan tabarma. Ya ce ba a gidansa ba.

Watan Khairat bakwai a gidan, amma ta san dalili. A wurin wasan nan Wasila ta ɓace, 'yar farin Baba da Inna Talatu, tana da shekara uku. Inna ce ke riƙe da ita. Wani jirgi ya sauko ƙasa-ƙasa, jama'a suka tarwatse, da Inna ta duba hannunta babu yarinya. Baba yana can gefe cikin baffanninsa, kuma ya sha faɗa cewa tun da aka sauka daga mota bai ƙara sa ta a ido ba. Dama mutumin da ne, mai tsananin kunyar 'yar fari: bai taɓa ɗaukar ta a gaban mutane ba, har yau bai taɓa kama sunanta ba.

An yi cigiya a rediyo, an zaga unguwanni. Shiru.

Baba bai saki Inna ba, bai taɓa yi mata tsawa ba. Magana ɗaya gare shi, ko tuwo ta ƙona ko kaza ta ɓata: "Ai ke sama kike kallo." Har gobe in jirgi ya gifta ta wajen Zariya, Inna sunkuyar da kai take yi.

Yanzu jibi za a yi mata aiki a asibiti, likita bai ɓoye cewa zuciyarta ba ta da ƙarfi ba. Ta bi gida-gida ta nemi gafara, kowa ya yafe. Da ta durƙusa gaban Baba kan maganar yarinyar, sai ya tashi ya ɗauki butarsa.

Da aka kira la'asar maza suka fita. Uwaisu ya bar wayar a kan taga.

"'Yar nan," in ji Inna daga ɗakinta, "ke da idonki ke ƙasa kullum, me kika gani?"

Khairat ma ta leƙa wayar ɗazu ta bayan mazan. Ba ta ɗaga kai a gaban surukai, shi ya sa da kowa ke bin jirage a saman allon, ita ƙasan ta gani: ƙafafu, takalma, da wata 'yar mitsitsiya tana gudu cikin riga ruwan ƙwai. Inna ta taɓa ba ta labarin rigar. Da hannunta ta ɗinka ta.

Khairat ba ta taɓa ɗaukar wayar mijinta ba sai da izini. Ta ɗauka. Cajin ya yi ja.

Suka zauna a bakin gado. Inna ba ta da hoton yarinyar ko ɗaya. Ta ce fuskar kawai take so ta gani, ko da bidiyon zai nuna ita Innar tana hangame da baki tana kallon sama. In laifinta ne, gara ta tafi da shi a fili.

Khairat ta ja hoton baya da yatsa mai gari. Jirgin ya sauko, mutane suka watse. Ga rigar. Yarinyar ta ratsa ƙafafu, takalminta ɗaya ya fita, ba ta tsaya ba. Inna ta damƙe hannun Khairat har ya yi zafi.

Daga masallaci aka ji liman ya yi sallama.

Yarinyar ta nufi wasu dattawa da ke tsaye, ta rungume ƙafar wani mai farar riga a tsakiyarsu. Ba a ganin kansa, allon ya yanke shi daga ƙirji. Ta ɗaga fuska tana dariya cikin hawaye.

"Ba ta zuwa wurin baƙo," in ji Inna a hankali. "Ko kakarta sai da rarrashi."

Dattawan suka juyo suna duban mutumin. Sai hannu ya sauko, ya ɓamɓare 'yan yatsunta daga rigar, ya tura ta baya wajen mata ba tare da ya duba ko akwai mai karɓa ba. Jama'a suka rufe ta.

"Maida baya. Tsayar a nan," in ji Inna.

Khairat ta tsayar. A zaure aka ji gyaran muryar Baba, takunsa na matsowa, sannan labulen ɗakin ya motsa.

Inna ta dubi hannun da ke cikin wayar, ta ɗaga kai ta dubi wanda ya yaye labulen. Yatsu uku ne a kowanne.