Wata Huɗu a Jikin Taga

Jikata ta faɗa ofishin malaminsu da takardar jarrabawa, ido jawur. In ta faɗi wannan kwas, sai maimaita shekara.

"Malam, ban taɓa fashi ba! Mu dubu ne a aji, lasifika ta mutu, amma kullum ina jikin taga ina kwafar allo. Tambaya ko ɗaya ba ta fito daga karatunka ba!"

Ya juya takardar. "'Yata, wannan ai lissafi ne. Ni tarihi nake koyarwa."

"Mun ɗauka shimfiɗa kake yi! Ɗaki na uku ai namu ne, 'yan lissafi."

Bawan Allah ya duba jadawalinsa, ya dafe kai.

"Na biyar ne nawa. Kenan 'yan tarihina wata huɗu suna shan lissafi!"