Jarkar Kawu Mudi

Nazifa ba ta taɓa ganin teku ba, amma shekara biyu ke nan tana kiwonsa a kwalabe goma sha biyu, a ɗakin gwaji na makarantarsu a Ƙaura Namoda.

Gansakukar teku take bincike a kai, irin ƙananan nan da ido ba ya gani sai sun mayar da ruwa kore. Wani malami a Legas ne ya cika mata jarka, ya ba kawunta Mudi, direban tirelar shanu daga Shinkafi. Kawu bai tambayi komai ba sai abu ɗaya: "Koren ruwa ne dai ko?" Jarkar ta iso a makare da kwana ɗaya, an ɗaure bakinta da leda.

Littattafai sun ce zafin Zamfara zai kashe gansakukar cikin mako guda. Ita kuwa sai ƙiba ta yi ta yi.

Sakamakon ma ya yi kyau har ya ba Nazifa tsoro. Ta ɗiga guba a jinin rago daga mayanka, ƙwayoyin jinin suka farfashe. Waɗanda ta fara zuba wa ruwan gansakukar kuwa ko gezau. Ta rubuta shafi ɗari da arba'in, kalmar "teku" na kan bango da manyan baƙaƙe. Ranar da aka ɗinke kundin ta yi kukan daɗi.

Sai mai jarrabawa daga waje ya ce bai yarda ba. A sake ɗebo ruwa daga inda aka samo na farko, a maimaita a gabansa nan da kwana goma, in ba haka ba babu digiri.

Zuwa Legas da dawowa kwana takwas ne, in hanya ta yi lafiya. Nazifa ta sami Kawu a tasha bayan azahar, ta miƙa masa jarkar.

"Kawu, ka rufa mini asiri. Irin na wancan karon, daga wuri ɗaya."

Ya karɓi jarkar, ya ari babur.

Kafin la'asar ya dawo, wandonsa da laka har gwiwa, ya dire jarkar cike da koren ruwa.

"Ga shi, ɗiyata. Tabkin Banga ne nan kusa, inda mota ta yi zahi lagireto ya shanye naki na hwarko, munka cika miki da ruwan tabkin. Gishirin ma cokali ukku nis sa, kamar wancan karon."